Darasin Kimiyya: Ruwan Dam Ma Yana Yin Tsami

Kowa ya san tsamin tsamiya da na lemon tsami. To, ruwan tafki ko na dam ma yana iya yin tsami, ko da harshe bai ji ba. Masana suna auna shi da ma'auni mai lamba 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Idan lamba ta sauka daga 6 zuwa 5, tsami ya ninka sau 10 ke nan.

Ƙasashen Suwidin da Norwe, a arewacin Turai, sun ga wannan masifa a shekarun 1960 da 1970. Masana'antu a Ingila da Jamus suna ƙona kwal, hayaƙinsa kuwa yana ɗauke da farar wuta. Iska ta kwashi hayaƙin ta ƙetare teku da shi, ya haɗu da gajimare, ya sauko cikin ruwan sama mai tsami. Ruwan ya gangara cikin tafkuna da rafuka, har da wuraren da mutane ke samun ruwan sha.

Dodon koɗi yana cikin waɗanda suke fara ɓacewa, domin ba ya iya gina ɓawonsa. Idan lamba ta kai 5, ƙwan kifi da yawa ba ya ƙyanƙyashewa. Ruwan tsami kuma yana narko alminiyam daga ƙasa, irin ƙarfen da ake yin tukwane da shi. Wannan yana toshe mashaƙar kifi da ke gefen kansa, sai numfashi ya gagare shi. Dubban tafkuna suka rasa kifinsu. Abin mamaki, ruwan yakan ƙara yin garau, mai kallo ya zaci lafiya lau ne, alhali ƙananan halittun cikinsa ne suka ƙare.

Mutane ma ba su tsira ba. Ruwan tsami yana cin bututun famfo, dalma da jan ƙarfe su narke cikin ruwan sha. Dalma guba ce, tana cutar da ƙwaƙwalwar yara.

Yadda uwargida ke sa kanwa ta kashe tsamin yakuwa, haka aka yi a can. Daga 1977 gwamnatin Suwidin ta shiga biyan kuɗin zuba garin farin dutse, irin na yin siminti, a cikin tafkuna. A 1979 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar rage hayaƙin. Hayaƙi ya ragu ƙwarai, kifi ya koma ruwaye da dama, amma har yanzu akwai tafkunan da ake zuba wa garin dutsen.