Mutumin Enugu da Ƙwallon Amurka

1. Wasan

A ƙasar Amurka akwai wani irin wasan ƙwallo wanda ya sha bamban da namu. Ƙwallonsu ba dunƙulalle ba ne, dogo ne kamar gwanda. Da hannu ake ɗaukarsa, a ruga da shi a guje.

Tsawon filin wasan yadi 100 ne, daga wannan gida zuwa wancan. Kowane gefe mutum 11 ne. Waɗanda ke da ƙwallo ana ba su dama sau huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun ci, sai a sake ba su wata dama huɗu. In sun kasa, ƙwallo ya zama na abokan karawa. Wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo a hannu, ya ci wa mutanensa maki 6.

Wasan na ƙarfi ne. An yarda a kama mai ƙwallo, a ka da shi ƙasa. Saboda haka kowane ɗan wasa yakan sa hula mai tauri, ya sa matashi a kafaɗa da cinya. In kun gan su sai ku tuna da 'yan lifidi da kwalkwalinsu ranar hawan salla.

A cikin 'yan wasan akwai wanda aikinsa gudu da ƙwallo. Yakan tsaya daga baya. Da an fara sai a miƙa masa ƙwallo, ya rungume shi, ya nemi kafa ya kutsa. Duk yadin da ya ci ana rubutawa. A ƙarshen shekara sai a tara, a ga wanda ya fi.

2. Mutumin

Yau za mu karanta labarin wani mai wannan aiki. Sunansa Christian Okoye. An haife shi a Enugu, cikin ƙasarmu Nijeriya, ran 16 ga Agusta, 1961.

Sa'ad da yake yaro, ƙwallon ƙafa yake yi kamar sauran yara. Da ya girma ya yi ƙarfi, sai ya koma wasan jifa. Akwai wani faifai mai nauyi da ake juyawa a wurga. Wanda nasa ya fi nisa shi ya ci. A nan Okoye ya gwanance.

Cikin 1982 ya tafi Amurka karatu. Ya shiga wata jami'a da ake kira Azusa Pacific, a jihar Kalifoniya. A can ma ya yi ta cinye gasar jifa. Babban burinsa ɗaya ne. Yana so ya wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik, inda ƙasashen duniya ke taruwa bayan kowace shekara huɗu.

Cikin 1984 aka yi wasannin a birnin Los Anjalis, kusa da makarantarsa. Aka fitar da sunayen waɗanda za su wakilci Nijeriya. Babu sunan Okoye a ciki. Ga wasa ya zo har ƙofar gida, amma ba shi a fage. Wahalar shekaru ta tashi a banza.

3. Sabon ɗalibi

To, me zai yi? Wani da sai ya naɗe hannu ya zauna yana zargin mutane. Okoye bai yi haka ba. Sai ya shiga ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantarsu.

Ku lura da wannan. Shekararsa 23 a lokacin, bai kuwa taɓa yin wasan ba. Da ya fara ganinsa ma bai ba shi sha'awa ba. Abokan wasansa tun suna yara suka fara. Shi kuwa sai da ya koyi kome daga tushe: yadda ake riƙe ƙwallo, da inda ake tsayawa, da dokokin wasa masu yawa. Ga shi ƙato a cikinsu, amma kowa ya fi shi sani. Bai ji kunyar a koya masa ba. Gemu ba ya hana ilmi.

Ba da hannu wofi ya zo ba kuwa. Jifan faifai ya riga ya gina masa jiki. Nauyinsa ya haura kilo 110, watau ya fi babban buhun gero. Duk da haka yakan gudu yadi 40 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Da wuya a sami mai nauyi haka da sauri haka.

4. Shekarar nasara

Babbar gasar wannan wasa ita ce wadda ake kira NFL. Kowace shekara ƙungiyoyinta sukan zauna su zaɓi gwanaye daga jami'o'i, bi da bi. Cikin 1987 ƙungiyar Chiefs ta birnin Kansas ta zaɓi Okoye. Shi ne na 35 da aka kira a duk ƙasar. Shekara uku kacal ke nan da fara wasansa.

A shekararsa ta fari ya ci yadi 660. A ta biyu ya ji ciwo a babban yatsa, wasanni da dama suka wuce shi. Ya yi jinya, ya komo.

Sai ga 1989. A wannan shekara an miƙa masa ƙwallo sau 370, ya ci yadi 1,480. Ba wanda ya kai shi a duk gasar. Na biyunsa, Barry Sanders, ya ci 1,470. Okoye ba ya yawan kauce wa mutum. Kansa yake nufa ya ture shi, sau da yawa sai an taru a kansa kafin ya faɗi. Don haka aka yi masa laƙabi da Turanci, ma'anarsa Mugun Mafarki daga Nijeriya.

5. Ƙarshen wasa

Amma jiki ba ƙarfe ba ne. Mai ture mutane shi ma ana ture shi. Cikin 1991 ya sake haura yadi 1,000. Daga nan ciwon gwiwa ya matsa masa. Shekarar 1992 ita ce ta ƙarshe da ya yi wasa, yana da shekara 31. Cikin shekara shida ya tara yadi 4,897, ya shiga gida da gudu sau 40.

Bai manta da na baya ba. Ya kafa gidauniya da sunansa don taimakon yara ta hanyar wasanni da karatu. Cikin 2000 ƙungiyar Chiefs ta sa sunansa cikin jerin manyan gwanayenta.

Da an ɗauke shi zuwa Olamfik, watakila da bai taɓa riƙe wannan ƙwallo ba. Wani hani ga Allah baiwa ne. Amma baiwar ba ta iske shi a zaune ba, sai da ya tashi ya koyi sabon abu.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Okoye?
2. Me ya same shi cikin 1984?
3. Shekararsa nawa sa'ad da ya fara ƙwallon Amurka?
4. Da yadi nawa ya fi Barry Sanders cikin 1989?
5. Me ya sa ya bar wasa?

Aikin rubutu

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku: ƙwallo, faifai, kwalkwali, laƙabi, gwiwa.