Haɗa injin Cricut da waya ko kwamfuta

In ka sayo injin Cricut na yanka takarda da sitika, kada ka yi gaggawar buɗe manhajar Design Space. Fara kunna injin, ka matso da wayarka kusa, kada tazarar ta wuce mita 4. Shiga saitin Bluetooth, sunan injin zai fito, ka taɓa shi. In an nemi lamba, sa 0000.

In sunan ya ƙi fitowa, wataƙila injin ya riga ya kama wata wayar a gidan ne. A kashe Bluetooth ɗin waccan tukuna. Shi kuwa samfurin Cricut Joy ba shi da ramin USB sam, don haka in kwamfutarka ba ta da Bluetooth, sai ka sayi ɗan adaftan da ake soka mata a gefe.