Haɗa Kan Iyaye da Malamai Wajen Karatun Yara

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, kowane ɗaya daga cikinmu in Allah Ya nufa ya gama wannan koleji za a tura shi wani gari a danƙa masa 'ya'yan mutane. To, akwai wani darasi wanda ya kamata mu riƙe tun kafin ranar nan ta zo, shi ne karatun yaro kamar tukunya yake bisa murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita, watau uba da uwa da malami. In ɗaya ya goce, sai tukunya ta kife, wahalar sauran biyun ta tashi a banza. Zan ɗauki Rijiyar Zaki ta ƙasar Ungogo da ƙauyukan da ke kewaye da ita su zama misali, gama abin da ya sami wannan yanki shi ya sami yawancin karkarar Kano.

Sai mu fara da asalin al'amarin. Mutanen ƙasar nan sun saba da karatu tun kafin zuwan Turawa, kuma makarantar allo ba ta taɓa rasa taimakon iyaye ba. Uba da kansa ke kama hannun ɗansa ya kai wa malam. Kowane mako akan aika da kuɗin Laraba, in kaka ta yi a kai wa malam damin gero ko na dawa, in yaro ya yi sauka a yi walima, dangi da maƙwabta su taru a yi addu'a. Malam ɗan gari ne, da shi ake salla, shi ke raɗa suna, saboda haka ba yadda yaro zai yi fashi uku ubansa bai ji ba.

Makarantar boko kuwa ta wata ƙofa dabam ta shigo. A 1909 Hans Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, a 1930 kuma aka buɗe ta 'yan mata a Kano da Katsina. A zamanin nan hakimai da dagatai ake ɗora wa nauyin samo yara, talakawa da yawa suna ganin abin kamar haraji ne, har wasu sukan ɓoye 'ya'yansu. A 1976 aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya duka, makarantu suka yawaita a ƙauyuka, amma mutane suka ci gaba da kiransu makarantun gwamnati, watau ba nasu ba. Dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, ta ce uban da ya ƙi a fara da tsawata masa, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. A 2019 kuma gwamnatin Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma tilas. Doka tana iya kawo yaro bakin aji, amma sai da yardar gidansu zai zauna har ya koyi wani abu. Samun wannan yarda shi ne rabin aikinmu.

Na farko, malami ya san shekarar manomi kamar yadda ya san jadawalin aji. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano gona ce gab da gona, ba a barin fili ya huta, sai da taki da hannuwa masu yawa take ciyar da mutanenta. Shuka da noman firi sukan faɗo cikin zangon karatu na uku, girbin gero da cirar gyaɗa da yankan dawa kuma cikin zango na farko. Uban da ya riƙe ɗansa ranar da aka yi ruwan shuka ba ƙin ilmi ya yi ba, abincin shekara yake tsoron ya kuɓuce masa. Malami mai hankali tun kafin damina ta sauka zai zauna da iyaye gaban mai unguwa a yi sharaɗi: yaro ya zo makaranta da safe, gona ta samu la'asar da Asabar da Lahadi, wanda kuma larura ta sa ya yi fashi a keɓe masa lokaci a maimaita masa abin da ya wuce shi. Sharaɗin da aka ƙulla gaban manya ya fi bulala goma aiki.

Na biyu, kada mu mance da uwa. Ita ke tashin yaro, ita ke ba shi koko, ita ta san ko ya kwana da zazzaɓi. Matan aure da yawa suna cikin kulle, sana'arsu ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ƙosai ba ta fita sai ta hannun 'ya'yansu mata, kuma daga ribar tallan nan ake tara kayan ɗaki. Wanda ya ce wa uwa ta hana talla ɗungum, ya ce mata ta rufe sana'arta ke nan, ba kuwa za ta ji ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a roƙe ta ta mai da tallan bayan an tashi makaranta. Da yake namiji baligi ba ya shiga gidan wani, wannan saƙo aikin malamai mata ne da dattijan mata na unguwa, su shiga har ɗaki su yi magana cikin ladabi.

Na uku, a nuna wa iyaye cewa ko wanda bai san boko ba yana da abin yi. Uba ya ce wa yaro, "Kawo littafinka in gani," ko da bai iya karanta abin da ke ciki ba, zai gane ko an yi rubutu yau ko shafin fari ne. Ya sa shi ya ƙidaya dammunan da aka kawo daga gona, ko ya lissafa kuɗin mudu biyar na gero. Uwa ta sa 'yarta ta karanta mata darasin Hausa da ƙarfi tana tankaɗe. Wanda ya iya ajami ya gwada wa ɗansa yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da sauti, gama hikimar ɗaya ce ko da wane irin rubutu. Yaro in ya ga gida na tambaya, sai ya san abin yana da daraja.

Na huɗu, malami ya kai labari gida tun abu yana ƙarami. Rajista ba don mai duba makarantu kaɗai ake kiranta ba. In yaro ya yi kwana uku ba a gan shi ba, a tafi ƙofar gidansu bayan la'asar, a yi sallama da maigida, a gaisa sosai, a tambayi lafiyar iyali da ta gona, sa'an nan a kawo maganar yaro. Kada kuma ya zama ba a ganinmu sai da ƙara. Ranar da yaro ya fara haɗa baƙi ya karanta jimla, ita ma rana ce ta kai albishir. Har wa yau a girmama malamin allo da na Islamiyya, a daidaita lokaci da su, domin yaro ɗaya muke yi wa hidima, in ya ga malamansa na ja-in-ja sai ya raina su duka.

Na biyar, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kuma kwamitin kula da makaranta wanda aka umarta a kafa a makarantun ƙasar nan tun wajen 2006. A cikinsa akan sa hedimasta da wakilin masu sarauta da na malaman addini da na mata da masu sana'a da tsofaffin ɗalibai, har da yara biyu, namiji da mace. Amfaninsa yana ga yadda aka riƙe shi. In ba a kiran taro sai za a nemi kuɗi, mutane za su daina zuwa. A sa taro ranar da ba kasuwa, a yi magana da Hausa, a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a fili, a bar iyaye su faɗi nasu kukan, ko da a kan makarar malamai ne. Sa'an nan kafinta zai gyara benci, magini ya toshe tsagar bango kafin ruwa ya sauka, ba tare da an roƙe su sau biyu ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, da wuya ya kamo 'yan'uwansa, ƙarshenta ya gaji ya bari, ubansa kuma ya ce dama ya faɗa boko ɓata lokaci ne, ya hana ƙannensa. Saboda haka duk wanda aka tura wani gari, kafin ya ɗauki alli ya fara zuwa gaida mai unguwa da liman, ya koyi sunayen iyayen yaransa da ƙofofin gidajensu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, Ya sa wa karatunsu albarka, amin.