Mu rubuta asalin gidanmu

Ɗan uwa mai karatu, ga tambaya: ka san sunan kakan kakanka? Ka san garin da ya baro kafin ya sari daji ya yi gona a nan Damargu? Da yawa cikinmu in mun kai ga kaka sai mu tsaya. Sauran labarin yana bakin tsofaffi, kuma duk tsohon da ya rasu, da abin da ya sani ake rufe shi.

Damargu mahaɗa ce tun da can. Akwai Dagirawa da Hausawa da Buzaye da Fulani. Ayari daga Abzin ta nan yake bi zuwa Damagaram da Kano, a sauke gishiri da dabino, a ɗauki hatsi. Wasu fatauci ya kawo su, wasu kiwo, wasu yunwa ta koro su. Don haka kowane gida a Tanut, ko Gangara, ko Tarka, ko Balbeji yana da labarin zuwansa. Amma gida nawa ne suka rubuta nasu?

Dubi ƙarfin rubutu. A watan Janairu 1851 wasu Turawa uku da gwamnatin Ingila ta aiko suka sauka a Tagalal, cikin Damargu. Ɗayansu shi ne Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Ya rubuta sunayen garuruwa da abin da ya gani, har yau ana karantawa. Mutanen da suka ba shi ruwa kuwa, waɗanda suka haifi kakanninmu, yawancinsu ko sunansu ba mu riƙe ba.

A can Ingila, tun 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta sunan jariri, da masu aure, da wanda aka binne. A 1837 hukuma ta fara nata rajista na haihuwa da aure da mutuwa. A ƙidayar 1841 aka rubuta sunan mutanen kowane gida. Shi ya sa Bature kan bi takarda ya gano kakanninsa na shekaru ɗari biyu ko fiye. Ba wai sun fi mu riƙo ba ne, rubutawa suka yi.

Kada ka ce wannan aikin banza ne. Sau nawa ƴan uwa suka yi shari'a gaban maigari a kan iyakar gona, don wanda ya san yadda aka raba ta ya rasu? Sau nawa aka tsai da aure, sannan wata tsohuwa ta tuna yaron da yarinyar nono ɗaya suka sha? Ga kuma rabon gado, ga yaro mai shiga lakwal ba takardar haihuwa.

To, yanzu da ka iya rubutu, ga yadda za ka yi.

1. Sami kaye sabo da biro. Ka fara da kanka: sunanka, na mahaifinka, na mahaifiyarka, da inda aka haife ka.

2. Je wurin tsofaffi da ladabi, da ɗan goro ko shayi. Da tsohuwar zuma ake magani. Kada ka tsaya ga maza kaɗai. Kaka da gwaggo da inna su suka fi sanin wa ya auri wa, wa ya shayar da wa.

3. Kowane mutum ka ba shi layinsa: wane ɗan wane, matansa, ƴaƴansa, sana'arsa, inda aka rufe shi. Ka haɗa da laƙabi, don wani tsoho da laƙabi kawai aka san shi.

4. Tsoho ba zai ce maka shekara kaza ba, sai dai ya ce lokacin kaza. Kai za ka mai da shi lamba. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Yaƙin Kawsan a Agadas 1916 zuwa 1917. Samun mulkin kai 1960. Hawan Seyni Kunce 1974. Yunwar El Buhari 1984 zuwa 1985. Husufin rana mai duhu 29 ga Maris 2006. In ba ka tabbata ba, rubuta "wajejen".

5. In tsofaffi biyu suka saɓa, rubuta maganar kowa da sunan wanda ya faɗa. Kada ka ƙara gishiri don a ce kai jikan sarki ne. Abin da aka ce maka sirri ne kuma, bar shi a cikinka.

Bayan rubutu sai ajiya. Gara da ɓera da ɗigar damina ba su san darajar takarda ba. Sa kayen cikin leda, ka sa a akwatin ƙarfe, tare da takardun haihuwa da na gona da tsofaffin hotuna. Yi kwafi na biyu ka ba wani ɗan uwa a wani gari. In akwai salula, ɗauki hoton kowane shafi, ka ɗauki muryar tsohon in ya yarda. Boko ko ajami ko tifinag, duk rubutu ne.

In an yi haihuwa, je ka sanar a gidan magajin gari ko wurin maigari, a yi wa jariri takarda da wuri. Ranar suna kuma ka ƙara sunansa cikin kaye.

Tambayoyi

1. A wace shekara Barth ya sauka a Tagalal?
2. Don me ake tambayar mata tsofaffi?
3. Wanda aka haifa shekarar mulkin kai, shekarunsa nawa bana?

Aiki: kafin karatu na gaba, rubuto sunayen kakanninka huɗu da garin kowannensu.