Tarayya A Kan Ƙaramin Jirgin Sama

Duk wanda ke zaune a Ƙofar Galadima, ko wata unguwa ta birnin Zazzau, ya saba da jin ƙugin ƙananan jiragen sama da hantsi, suna tashi suna kewayawa suna komawa. Jiragen nan na makarantar koyon tuƙin jirgin sama ne da ke Palladan, kan hanyar Sakkwato. Gwamnatin Nijeriya ce ta kafa ta a 1964, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO, watau hukumar duniya mai tsara dokokin zirga-zirgar jiragen sama.

Sau da yawa yaro yakan ɗaga kai ya ce shi ma matuƙi zai zama, amma da uba ya ji kuɗin karatun sai jikinsa ya yi sanyi. Abin da ya kawo tsadar nan ba karatun aji ba ne, awoyin da ake yi a sama ne. Bisa ƙa'idar ICAO, mai neman lasin na farko, wanda zai ba shi damar tuƙa jirgi don kansa ba don a biya shi ba, lalle ya yi awa 40 a sama. Mai neman lasin na biyu kuwa, na neman abinci, sai ya cika awa 200, ko 150 idan ya bi tsarin karatun makaranta amintacciya tun daga farko har ƙarshe. A tsakanin lasin na farko da na biyu ne aljihun mutane da yawa ke ƙarewa.

A Ingila da Amurka masu koyo sun daɗe da wata dabara. Mutum huɗu ko biyar sukan haɗa kuɗi su sayi tsohon ƙaramin jirgi, kamar Cessna 172 mai kujera huɗu, wanda aka fara sayarwa tun 1956, ya zama nasu tare. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, gama ya san watanda, ya kuma san yadda manoma ke tarayya a kan shanun huɗa. Sai dai jirgi ya fi kama da shanun huɗa, domin ba a yanka shi a raba kashi-kashi. Kwanakin aikinsa ake rabawa.

To, ina sauƙin yake? Kuɗin riƙe jirgi iri biyu ne. Akwai wanda ake biya ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, kamar inshora, da hayar rumfar ajiya, da binciken shekara-shekara. Akwai kuma wanda ke bin kowace awa, watau mai da lalacewar inji. Tarayya kashi na farko kaɗai take ragewa. Alal misali, a ƙaddara mutum ɗaya yana tashi awa 50 a shekara: duk nauyin shekarar a kan awa 50 ɗin nan zai hau. In su biyar ne, kowa ya yi 50, nauyin ya bazu a kan awa 250, ya zama kowace awa ta ɗauki ɗaya bisa biyar na abin da take ɗauka a da. Amma mai ba ya san tarayya. Irin jirgin nan yana shan wajen lita 30 a awa, ko na mutum ɗaya ne ko na mutum goma.

Batun mai kuwa ba ƙarami ba ne a ƙasar nan. Yawancin ƙananan jirage wani fetur na musamman suke sha, mai suna Avgas, wanda daga waje ake kawo shi, yana kuma wuyar samu. Wannan na cikin dalilan da suka sa makarantar Zariya ta koma sayen jiragen Diamond, masu shan irin man manyan jirage. Masu niyyar tarayya su fara sanin inda za su sami mai kafin su taya jirgi.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne inji. Masu ƙera shi sun ƙayyade cewa bayan kamar awa 2,000 a kwance shi duka a sabunta, aikin kuwa yana cin kuɗi mai yawan gaske. Saboda haka kowace awa da mutum ya tashi, ya zuba wani abu a asusun inji. In aka yi sakaci da wannan, waɗanda suka more jirgin su tafi da lasinsu, nauyin ya faɗa kan wanda ya shigo a ƙarshe, zumunci ya ɓaci.

Kada a dogara ga amana ta fatar baki, ko da 'yan ɗaki ɗaya ne. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: rabon kowa, da wanda zai biya in jirgi ya sami rauni a hannun ɗayansu, da yadda mai son fita zai sayar da rabonsa. A kuma rubuta yadda za a raba kwanaki, domin a ƙasar Zazzau ba kullum ake tashi ba. Hazon hunturu yakan rufe sama kwana da kwanaki, mai koyo kuwa da ido yake tuƙi, sai ka ga ranar da gari ya washe kowa na son jirgin.

Sauran magana ta hukuma ce. Dole a yi wa jirgi rajista wurin hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ya sami lamba mai farawa da 5N, kuma injiniya mai lasin ne kaɗai zai sa hannu a kan gyaransa. Mallakar jirgi ba ta ɗauke wa mutum shiga makaranta amintacciya da cin jarrabawa, saboda haka a tambayi hukumar tun da wuri waɗanne awoyi za ta karɓa. Haka kuma ba a ɗaukar fasinja don kuɗi a jirgin da aka ba izinin amfanin kai. A 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jiragen kansu a kan wannan laifi.