Yadda Ake Gyara Bawul ɗin Shok ɗin Gaba Don Hawan Duwatsu

Babur ɗin da aka ƙera don filin tsere na tsalle-tsalle, an ɗaure shok ɗinsa na gaba ne don ya ɗauki nauyin dira daga sama. In ka kai shi cikin duwatsu sai ya canza hali: duk dutsen da ya daki taya sai ka ji shi a wuyan hannu, kan babur ya riƙa fizgewa hagu da dama, kafin a jima damatsanka sun sage. Shi ya sa masu shiga gasar Erzbergrodeo a mahaƙar ƙarfe ta Eisenerz da ke Ostiriya, ko Romaniacs a tsaunukan da ke kewaye da Sibiu ta Romaniya, ko Roof of Africa a Lesotho, ba sa zuwa da saitin filin tsalle. Abin da ake nema shi ne shok da zai buɗe nan take in dutse ya buge shi ba zato, amma ya tsaya a sama in ka taka burki a gangare. Haɗa waɗannan biyun shi ne duk aikin.

Maganar nan ta shok irin na KYB da Showa da WP ce, masu kaurin milimita 48 ko 49 da tafiyar kusan milimita 300, waɗanda ke kan Yamaha da Honda da KTM da Husqvarna na daji. Baburan haya da muka saba gani, irin su Boxer, ba su da irin bawul ɗin waɗannan. Nasu bututu ne mai huji, kuma iyakar abin da za ka iya canzawa cikin sauƙi shi ne kaurin mai da yawansa.

A cikin ƙafar shok akwai fistin mai ramuka, an rufe ramukan da siraran washa na ƙarfe mai lanƙwasuwa da ake kira shim, an jera su daga mai faɗi zuwa ƙarama, wannan haɗin shi ne bawul ɗin. In shok ya nutse, mai ya tura su, su lanƙwashe, ya wuce. Sukurun nan da ake juyawa daga waje yana ƙas-ƙas, wato kilika, wata 'yar hanya ce ta gefe kawai yake buɗewa ko ya toshe, kuma tasirinsa ya fi yawa a lokacin da shok ke nutsewa a hankali, kamar sa'ad da ka kama burki. Dutse kuwa da sauri yake tura shok, ko da kai a giya ta biyu kake lallaɓawa. Gudun da ake nufi a nan na sandar shok ne, ba na babur ba. A wannan lokacin 'yar hanyar gefen ta yi kaɗan, shim ne ke da magana. Don haka mutum zai kwance kilika har ƙarshe, shok ya zama lagwani wajen burki, duwatsu kuma su ci gaba da dukansa.

Kafin ka taɓa sifana

Sau da yawa laifin ba na bawul ba ne, don haka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ɗora babur a kan mazauni tayar gaba ta bar ƙasa, ka kwance ƙaramin sukurun iska da ke saman kowace ƙafa, iskar da ta taru ta fita. Duba notocin da suka riƙe ƙafafun a wuyan babur, musamman na ƙasa. In an matse su fiye da kima suna ƙuntata bututun, bushi ya riƙa cijewa idan ya zo wucewa ta wurin. A yawancin KTM, Nm 12 zuwa 15 ne kawai na ƙasan, amma bi abin da littafin babur ɗinka ya ce. Sassauta notocin da suka kama akis a ƙafar dama, ka danna gaban babur sau da yawa ƙafar ta zauna a inda take so, sannan ka ɗaure. Rage iskar taya zuwa wajen psi 12 ko 13 in tub kake amfani da shi.

Sai sifirin. Kamfanin KTM yana saita nasa ne don mahayi mai nauyin kilo 75 zuwa 85 da kayan kariyarsa a jiki. In ka fita daga nan, sauya sifirin tun kafin a zo maganar shim, domin sifirin da ya yi maka laushi yana barin shok ya zauna can ƙasa, inda ya fi tauri, sai ka ɗauka tauri ya yi alhali laushi ne ya jawo. Auna bayan babur ma: in ka hau, ya kamata ya sauka milimita 100 zuwa 105. Man da ya daɗe ya yi baƙi, a zubar a sa sabo.

In duk ka yi wannan, nemi wani yanki na hanya mai duwatsu da za ka iya wucewa cikin minti biyu ko uku. Ɗaura siririn zoben roba a jikin bututun don ya nuna maka iyakar nutsewar shok. Bi hanyar sau da dama da gudu iri ɗaya. In zoben ya tsaya a tsakiya, hannunka kuma yana shan duka, to lokacin buɗewa ya yi.

Buɗewa

Wanke ƙafafun tas kafin ka kwance komai, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, nesa da ƙura. Ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin shim ta isa ta hana shi rufewa. In shok ɗinka mai iska ne, irin WP AER, saki iskar duka tukuna. Rubuta adadin ƙas-ƙas ɗin da kowane kilika yake kai, sannan ka buɗe shi gaba ɗaya.

Bawul biyu ne ke kula da nutsewa. Akwai na tushe, wanda yake gindin ƙafa a shok mai buɗaɗɗen katirij, ko a sama ƙarƙashin murfi a mai rufaffen katirij irin KYB na Yamaha YZ. Akwai kuma na tsakiya, a bakin sandar, a fistin ɗin da ɗaya fuskarsa ke kula da dawowa. Notin da ke riƙe shim galibi an daddage bakin zarensa daga kamfani don kada ya kwance. Goge wurin da magagari har ya yi daidai da fuskar notin. In ka tilasta shi haka nan zaren zai tafi, kuma sandar da yake kai sau da yawa alminiyam ce.

Zare shim ɗin a kan waya ko sukudireba yadda suke a jere, kada su watse. Auna faɗin kowanne da kaurinsa, ka rubuta a takarda daga wanda ke jikin fistin zuwa na ƙarshe. Kaurin yana buƙatar ma'auni mai kyau, domin a nan lissafin yake: taurin shim yana ninkuwa ne da kaurinsa sau kansa sau kansa. Shim mai kaurin milimita 0.15 ya fi mai 0.10 tauri sau uku da 'yan kai, mai 0.20 kuwa daidai yake da takwas na 0.10. Wanda ya ce bari in sa mai ɗan kauri kaɗan, ya canza shok ɗin gaba ɗaya bai sani ba.

Abin da za ka canza

A bawul ɗin tushe za ka ga kashi uku. Masu faɗi da ke manne da fistin, faɗinsu ɗaya. Masu raguwa a bayansu. Da ƙaramar ta ƙarshe wadda sauran ke lanƙwasuwa a kanta. A ce ka tarar da masu faɗi goma sha biyu. Cire biyu ko uku, kada ka wuce haka a karon farko. Wannan yana sassauta shok a ko'ina, har da wajen burki. In abin da ke damunka dukan duwatsu masu kaifi ne kawai, ka fi samun biyan buƙata a masu raguwar: mayar da masu kaurin 0.15 zuwa 0.10, ko ka rage faɗin ta ƙarshen da milimita ɗaya. Ta ƙarshen nan ƙarama ce amma hannunta da nauyi, kada ka rage ta da biyu a tashi ɗaya. Wasu kuma suna cusa ƙaramar shim tsakanin masu faɗi da masu raguwa, ta bar 'yar rata, sai na gaban su buɗe cikin sauƙi kafin su jingina da na baya. Yana yin daɗi a kan tsakuwa da ƙananan duwatsu, amma in ratar ta yi yawa za ka ji shok ya faɗa sannan ya ci karo da bango a tsakiyar tafiya. Duk abin da ka cire, lura da tsawon jerin: in ya gajarta, cike gurbin da washa a bayan ta ƙarshe don noti ya matse shim, ba ya ƙare a gindin zare ba.

A ganina bawul ɗin tsakiya ne ya fi yawan laifi a duwatsu, shi ne kuma aka fi tsallakewa don ya fi wuyar kaiwa. Man da ke bi ta na tushe shi ne kawai wanda sandar ta ture da shigarta, na tsakiya kuwa yana ganin kusan ninki uku na wannan. Shim ɗinsa suna da ɗan sarari da suke ɗagawa kafin su fara lanƙwasuwa. Ƙara sararin da milimita 0.05 zuwa 0.10, dukan farko na dutse zai ragu sosai. Ka zarce, gaban babur ya riƙa nutso duk lokacin da ka taɓa burki.

Hattara da abu ɗaya. In ka sassauta na tushe da yawa ka bar na tsakiya da taurinsa, matsin mai a bayan fistin yana faɗuwa, man ya yi kumfa, shok ya rasa riƙo na ɗan lokaci. Su biyun tare suke tafiya, don haka in ka yi babban canji a ɗaya, waiwayi ɗayan. Shim ɗin dawowa kuwa bar su yadda suke, sai in ka sauya sifirin da tazara mai yawa.

Haɗawa da gwaji

Wanke komai, ka jera bisa takardarka, ka ɗiga maganin kulle zare kaɗan, kada ya malala kan shim. Notin ba ya son ƙarfi, 'yan Nm kaɗan ne, kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi. Ɗaga fistin ɗin wajen haske ka tabbata shim ya kwanta ba rata. Zuba mai mara kauri irin wanda kamfanin ya ambata, ka ja sandar sama da ƙasa a hankali har kumfa ta daina fitowa. A rufaffen katirij wannan matakin ba a gaggawarsa, don iskar da ta saura a ciki za ta ɓata duk lissafinka.

Yawan mai shi ke kula da kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen tafiyar shok. Mayar da shi yadda yake, kilika ma haka, ka koma kan hanyar gwajinka. In dukan ya ragu amma zoben roba yana kaiwa ƙasa, ƙara mai mililita 5 zuwa 10 a kowace ƙafa, ba sai ka sake buɗe bawul ba. In gaba yana nutso a gangare, rufe kilikan nutsewa da ƙas biyu. In hakan bai isa ba, mayar da shim mai faɗi guda ɗaya. In duwatsu sun zo a jere ka ji shok yana ƙara tauri daga na uku zuwa na huɗu, dawowarsa ce ta yi jinkiri, bai gama miƙewa ba wani ya same shi, sai ka buɗe kilikan dawowa. In kuwa tayar tana tsalle daga kan dutse kan babur yana yawo, rufe shi kaɗan. Canji ɗaya ake yi a kowane gwaji, a rubuta shi a takardar nan tare da abin da aka ji, kafin a taɓa na gaba.