Darasi: Abokin Tafiya Ga Mai Barin Shaye-shaye

Duk wanda yake bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwa Uku da almuru ya ga samarin da ke zaune a lungu, idanu jajir, baki ya yi nauyi saboda tiramol ko kodin. Kada mu ce 'ya'yan wasu ne; a cikinsu akwai waɗanda da hannunmu muka yi wa baftisma.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 tare da gwamnatin tarayya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayu 2018 gwamnati ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi. Doka takan rufe shago, amma ba ta zama da yaro a daren da jikinsa ke rawa. Wa zai zauna da shi?

Amsar da ta fi daɗewa tana aiki ta fito ne daga garin Akron na Amurka, a 1935. Wani ɗan kasuwa, Bill Wilson, ya yi wata biyar bai sha giya ba. Cinikin da ya kai shi garin ya lalace, sha'awar giya ta taso masa a masauki. Maimakon ya nemi mai yi masa wa'azi, sai ya nemi wani mashayi da zai yi wa magana. Aka haɗa shi da likita Bob Smith, wanda ya ce minti 15 kawai zai bayar. Suka kwashe sa'o'i suna hira. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. Mu lura da wannan da kyau: Wilson ya je ne domin ya tsare kansa. Mai riƙe hannun wani, shi ma riƙe shi ake yi.

Daga 1939 Sista Ignatia, a asibitin St. Thomas na garin, ta soma kwantar da mashaya a matsayin marasa lafiya. Idan za a sallami mutum takan ba shi lambar Tsattsarkar Zuciyar Yesu, da sharaɗin ya maido mata da ita kafin ya sake kurɓar giya. Hikimar a fili take: kafin ya sha, dole ya tsaya gaban wani mutum.

Aikin abokin tafiya ke nan. Mutum ne da ya taɓa shiga, ya fita, ya kuma daɗe a waje. Ya san ƙaryar da ake yi wa uwa domin a karɓi kuɗi, gama shi ma ya yi ta. Ya san majalisar da za a ƙaurace wa. Yana ɗaukar waya ko da tsakar dare, yana kuma riƙe asiri. Mu firistoci da iyaye muna da ƙauna, amma yaro yakan ce a ransa, "Fada bai taɓa ɗanɗanawa ba." Ga wancan kuwa ba shi da abin cewa. Namiji ya riƙe namiji, mace ta riƙe mace, kada kuma bashi ya shiga tsakani. A Tarauni sau da yawa abokin nan zai zama Musulmi ne, makwabci ko abokin sana'a. Wannan ba cikas ba ne.

Sai dai abokin tafiya ba likita ba ne. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin barci, in ya yanke farat ɗaya, zai iya kamuwa da farfaɗiya. A raka shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Titin Zariya, kusa da mu. Sarƙa da bulala ba magani ba ne.

Ranar da ta fi haɗari ita ce ranar komawa. Jikin da ya huta wata biyu ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba a dā, kuma ƙwaya mai yawa tana iya tsayar da numfashi. Saboda haka wanda ya zame kada a kore shi daga gida ko daga zumunta, har ya koma yana sha a ɓoye shi kaɗai. Idan an tarar da shi ba ya farkawa, a kwantar da shi a gefensa ɗaya, a garzaya da shi asibiti nan take.